Wa zan ba littafina ya karanta kafin in kai maɗaba'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala littafina na farko, labarin wata amarya ce a babban gida cikin birnin Zazzau. Ƙawayena sun karanta, duk sun ce ya yi daɗi. In kai a buga haka nan? Ina kuma tsoron in na raba shi a sace mini. Daga wata marubuciya a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka. Amma kada ki kai tukuna. Ƙawa tana jin nauyinki, ba za ta iya kallon idonki ta ce babi na huɗu ya sa ta gyangyaɗi ba, alhali wannan maganar ce kike bukata yanzu, tun gyara bai zama asarar kuɗin bugu ba.

Nan garin ma haka aka faro. A gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, marubuta irin su Abubakar Imam da Bello Kagara sun aiko rubutunsu Ofishin Talifi na Zariya, Rupert East, Baturen da ke shugabantar ofishin, ya karanta ya yi gyare-gyare kafin a buga.

Ki nemi mutum uku ko huɗu waɗanda ba sa jin kunyarki. Ɗaya mai yawan karanta irin labarinki, wadda za ta sayi littafi da kuɗinta. Ɗaya dattijuwa da ta san zaman gidajen cikin ganuwa, don ta faɗa miki in amaryarki ta kira uwar miji da sunan da ba a kira. Ina matuƙar so kuma ki samu wanda ba Bazazzagi ba. Mu a nan bakinmu kan ce "mota ne", kunnenmu bai jin komai, amma Bakano ko Basakkwace zai tsaya cak. In a bakin taurarin labarin ne, ki bar abinki, Zazzaganci ado ne a wurin. In a bayaninki ne na marubuciya, ki gyara.

Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki ce: a wane shafi kika ajiye littafin? Wa kika manta da shi har sai da ya sake fitowa? Ina kika ce "wannan ba zai yiwu ba"? In mutum biyu da ba su san juna ba suka yi tuntuɓe a wuri guda, akwai matsala a wurin. Sai dai maganin da za su kawo ba dole ki karɓa ba, ke kika san inda labarinki ya dosa.

Raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa aikin mai tacewa ne daga baya. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da yawa sun iya.

Batun sata kuwa, a dokar Najeriya haƙƙin mallaka naki ne tun da kika rubuta. Duk da haka kada ki jefa shi zauren WhatsApp. Ki buga a takarda, ki rubuta sunan kowane mai karatu a kan kwafinsa, ki ba shi mako uku ya dawo miki da shi.