Hoton Rago Don Talla: Waya Ta Isa Ko Sai An Sayi Kyamara?

Tambaya: Ina kiwon raguna a Bukuru, ina tura wa masu saye hotuna ta WhatsApp. Sai rago ya fito da ƙaton kai, bayansa a tsuke kamar bai ƙoshi ba. In sayi kyamara ne?

Amsa: Malam, bar kuɗinka ka ƙara wa dabbobi dusa. Matsalar daga tsayuwarka take. Babbar kyamarar waya da faɗi take ɗauka, duk abin da ya fi kusa da ita kumbura yake yi. In ka tsaya gaban hancinsa, kansa ne zai cika hoton. Ja baya taku huɗu ko biyar, danna 2x (maɓallin da ke jawo hoto kusa ninki biyu), ka tsuguna har wayar ta zo daidai kafaɗarsa. Ɗauke shi ta gefe, ƙafafu huɗu duk a bayyane, domin gadon baya da cinya mai saye yake dubawa. Ɗauka daga tsaye tana gajarta ƙafa.

Ka fito da shi tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe ko bayan la'asar, rana tana bayanka. Da tsakar rana farin Balami fitowa yake fat kamar takarda, ba a ganin gashi balle tsoka. Taɓa jikinsa a fuskar wayar, ka ja alamar haske ƙasa kaɗan. Uda ya fi wahala, gaba duhu baya fari: auna hasken a kan farin, don ana iya ɗago duhu wajen gyara, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Kashe fotiret, wato tsarin da ke dusashe bayan hoto, don yana gutsure bakin ƙaho da kunne. Yaro ya tsaya gefenka yana kaɗa kwanon dusa, za ka ga rago ya ɗaga kai. A goge gilashin kyamarar da tsumma mai laushi, musamman da hunturu. Ƙurar Jos kaɗai tana dusashe hoto.

Tambaya: Kajin gidan gona da awaki nake sayarwa a Tudun Wada. Wace manhajar gyaran hoto zan biya?

Amsa: Hajiya, kada ki biya ko sisi. Snapseed kyauta ce. Fara yanke gefen da bokiti da tarin taki suka shigo, ki miƙar da hoton in ya karkace. Rage hailait (wuraren da haske ya yi yawa) zuwa kamar -30, ɗaga shado (wuraren duhu) +20, sai ɗumin kala kaɗan idan fari ya yi shuɗi-shuɗi a inuwa. Kada ki cika kala, jar akuya sai ta koma kamar an shafa mata manja. Girman dabba kuwa kada ki taɓa. Mai saye zai zo ya danna gadon baya da hannunsa.

Wajen turawa ki danna HD, ko ki aika a matsayin fayil, in ba haka ba WhatsApp zai matse hoton.