Sarƙa na faɗuwa wajen sauya giyar gaba: kada ka fara da notocin nan biyu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce keken tserenka mai kayan giyar Shimano 105 yana yar da sarƙa ta ɓangaren firam duk sanda ka sauko daga babban farantin haƙoran gaba zuwa ƙarami, musamman a hawan gadar Kawo, kuma ka yi ta murɗa ƙananan notocin nan masu alamar L da H abin ya ƙi. To, ka ƙyale su tukuna. Aikinsu yi wa kejin da ke tura sarƙar iyaka ne kawai, in zamansa ya karkace ko kwana ka yi kana murɗawa ba za ka ga daidai ba.

Tsuguna ka dubi kejin da ke tura sarƙar. Tsakanin leɓensa na waje da haƙoran babban faranti kada ya wuce milimita 1 zuwa 3, kuma in ka leƙa ta sama ya miƙe sambal da farantin. Kekunan gwanjo da yawa a nan matsalarsu take, don sun sha matsa a cikin kaya kafin su iso. Sassauta notin da ya riƙe shi, ka daidaita, ka ɗaure.

Sai yanzu L. Sa sarƙa a ƙaramin faranti, a baya kuma kan giya mafi faɗi. Murɗa a hankali har leɓen ciki ya kusa taɓa sarƙar, ratar ba ta fi rabin milimita ba. Wasu masu gyara suna barin wajen a buɗe don gudun ƙarar gugar ƙarfe, ta nan kuwa sarƙar ke zurmawa. H nasa na faɗuwa ta waje ne, tunda ba shi ke damunka ba bar shi. In kuma hawa babban faranti ke yi maka nauyi, wayar giya ce ta saki, ko ƙurar hunturu ta cushe bututunta.

Amma gaskiya ina zargin ƙafarka ma. Kekunan tsere da yawa 50 da 34 ne haƙoran farantansu, tazarar 16 ke nan sarƙa za ta diro. In ka jira sai tsakiyar hawa, kana tsaye kana danna feda iya ƙarfinka, sannan ka sauya, dole ta yi tsalle. Sauya tun kana gindin gadar, ka ɗan sassauta ƙafa amma kada ka daina juyawa. Ko manya abin na samunsu: a gasar tseren keke ta Tour de France ta 2010 sarƙar Andy Schleck ta faɗi a hawan dutse, abokin hamayyarsa Contador ya wuce shi, ya tsere masa da daƙiƙa 39 a ranar.

Auna sarƙar kuma. Gaɓoɓi 12 cikakku inci 12 ne cif; in sun zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ta miƙe, canja ta kafin ta cinye haƙora. Don Allah a daina zuba mata baƙin man mota, da ƙurar garin nan yake haɗuwa ya zama kamar magogi. Wanke ta da kananzir, ta bushe, ka ɗiga man sarƙa kaɗan ka goge.

In duk ka yi wannan ba ta daina ba, kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe. In yana motsi, boris ɗin gindin hannun fedar ne ya ci, sai a canja. Juya farantin ma ka ga ko yana lilo.