Kallon YouTube ne ya kai "Dynamite" matsayi na ɗaya?

Kin tambaya ko kallon YouTube kaɗai ya ɗora waƙar "Dynamite" ta samarin BTS na Koriya ta Kudu a saman Billboard Hot 100, jadawalin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka kowane mako. A'a 'yar uwa, saye ne ya fi ɗaga ta. Ta fito ranar 21 ga Agusta 2020, kuma a makon farko masoyansu a Amurka sun sayi kwafi wajen 300,000.

Ki lura, Hot 100 abin da aka saya ko aka saurara cikin Amurka kawai yake ƙirgawa. Ni da ƙanwata mun raba dare muna maimaita bidiyon a waya ɗaya har data ta ƙare, amma tunda ba a Amurka muke ba, kallonmu bai shiga wannan lissafin ba.