Ana Yaba Turarena a Facebook Amma Ba a Saye, Ko In Biya Kuɗin Talla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Zariya, ina haɗa turaren wuta da humra a gida, sana'ar da na koya wajen kakata 'yar Maiduguri. Shekara biyu ke nan ina saka hotunan kayana a Facebook da Instagram. Mabiya sun taru, ana dangwala mini laik, ana ta cewa masha Allah. Wasu su tambayi farashi, in ce su same ni ta saƙon sirri, daga nan sai in ji shiru. Sai wata guda ya wuce ban sayar da kwalba goma ba. Ƙawata ta ce in biya Facebook kuɗin talla, ko in ba wata mai suna a TikTok ta tallata mini. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a sana'ar, ya kawo kasuwa.

Shawarata ita ce ki riƙe kuɗinki tukuna. Talla aikinta ɗaya ne, ta kawo mutane ƙofar shagonki. Ke kuwa kin riga kin samu mutanen, har suna buɗe baki su tambayi farashi. Inda suke zubewa shi ne tsakanin "nawa ne?" da "turo lambar asusu". Idan kika biya talla ba ki toshe wannan ɓarakar ba, ruwa za ki ƙara zubawa a kwando.

Mu fara da farashin, domin a nan na ga babban rauni. Mutum ya tambaye ki kuɗin kwalba a bainar jama'a, kin ce ya biyo ki ta sirri. Na san dalilin da ya sa masu sana'a da yawa suke haka: tsoron kada abokiyar sana'a ta gani ta karya farashi, ko kuma kayan haɗi kullum tashi suke. To amma ki duba abin ta idon mai saye. Abu na farko da zai zo mata a rai shi ne kayan sun fi ƙarfinta, ko kuma ana duba fuskar mutum ne kafin a yanka masa kuɗi. Mace mai kunya ba za ta so ta shigo ta ji farashi sannan ta fita ba ta saya ba, gara ma kada ta shigo. Abokiyar sana'ar da kike gudu kuwa, in tana son sanin farashinki, ƙanwarta kawai za ta turo ta tambayo mata. Saboda haka ki rubuta shi ƙarara a ƙarƙashin kowane hoto: sunan turaren, girman kwalbar, kuɗinta, da garin da kike. In farashi ya canja, ki canja rubutun.

Sai matsalar da ta keɓanta da irin hajarki. Mai atamfa a Kantin Kwari yana ɗaukar hoton turmi, mai saye ta ga launi da zane, ta yanke hukunci. Ke ƙamshi kike sayarwa, waya kuwa ba ta ɗaukar ƙamshi. Hoton kwalba mai murfin ruwan gwal bai gaya wa kowa komai ba, irinsa ɗari ne a Instagram. Abin da waya za ta iya ɗauka shi ne hannunki da aikinki. Ki jingina wayar a jikin taga da hantsi, lokacin da haske ya shigo, ki ɗauki bidiyon daƙiƙa talatin: kina gyara farcen turare, kina daka kajiji, sukari na narkewa a tukunya kina zuba itacen sandal kina juyawa har ya kama, sannan ki ɗebi kaɗan ki zuba a kan garwashi a kasko, hayaƙi ya tashi a hankali. Ba sai fuskarki ta fito ba. Ki yi magana da muryarki kamar kina yi wa maƙwabciya bayani: wannan na ɗaki ne, wannan na kaya, wannan yana kama labule ya kwana biyu, wannan mai sanyi ne ga wadda ƙamshi mai ƙarfi ke sa wa ciwon kai. Ki faɗi cewa hannun kakarki ne daga Maiduguri, domin duk matar Arewa ta san inda asalin wannan sana'a yake. Wannan gadon jari ne, kin kuwa bar shi a cikin wasiƙar da kika rubuto mini maimakon ki sa shi a shafinki.

Duk da haka hanci sai ya shaƙa. Ki yi ƙananan kwalabe na gwaji, kala uku ko huɗu a ƙunshi ɗaya, da kuɗin da mace za ta iya turowa ba tare da ta yi dogon tunani ba. Wadda ba ta san ki ba, ba za ta fara da babbar kwalba ba, kuma tana da gaskiya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Tun kafin waya, iyayenmu mata suna kasuwanci daga cikin gida, ta hannun yara 'yan talla da dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshinta. Dillaliya ba ta da allon talla. Abin da take da shi shi ne ta san gidan da ake shirin aurar da 'ya, ta san wadda ke biya a kan lokaci, kuma an san gidanta in kaya suka zo da matsala. Facebook da Instagram bakin kasuwa ne inda baƙi ke wucewa su gan ki. Aikin dillaliya kuwa a WhatsApp ake yin sa. Don haka duk wadda ta nuna sha'awa, burinki shi ne ki kai ta can.

Ki sauke WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin masu ƙananan sana'o'i, kyauta ne, ki ware masa layi daban da na 'yan'uwa. A ciki akwai wurin jera kaya da hoto da farashi, da saƙon maraba mai tafiya da kansa, da amsoshin da za ki tanada don tambayoyin da ake yawan maimaitawa, da alamomin da za ki rarrabe mutane da su: sabuwa, ta biya, an tura mata, tana jiran ƙarshen wata. Abu ɗaya da mutane da yawa ba su lura da shi ba: sitatus ɗinki ba ya bayyana ga mutum sai kin adana lambarsa shi ma ya adana taki, haka saƙon bai-ɗaya, wato saƙo ɗaya da ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, wanda ke ɗaukar mutum 256 a jeri guda, ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarki. Shi ya sa a ƙarshen kowace hira ya kamata ki ce, "Hajiya, don Allah ki adana lambata, a sitatus nake saka sababbin kaya." Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Hoto uku ko huɗu masu kyau a rana sun wadatar, in kika jera talatin za a danne ki a daina gani. Kuma kada ki kwashi lambobin mutane ki zuba su a guruf ba da izininsu ba. Haushi suke ji, su fice, wasu su kai ƙarar layin, WhatsApp kuwa yana rufe layin da ƙorafi ya yi yawa a kansa.

Saurin amsa ma ciniki ne. Wadda ta rubuto miki bayan isha'i, ta rubuta wa wasu biyu a lokaci guda. In sai gobe da azahar za ki amsa, ta riga ta tura wa wata kuɗi. In hidimar gida ba ta barin ki, ki rubuta lokutan da kike amsawa, ki kuma cika su. Ki amsa sallama, ki kira ta da girmamawa, ki tambaye ta na ɗaki take so ko na jiki, na amarya ne ko na amfanin yau da kullum. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a waya ma haka ne.

Daga nan sai tsoro. Mutane da yawa an cuce su a intanet: sun tura kuɗi, an toshe su. Wadda ta yi shiru bayan ta ji farashi, sau da yawa wannan ne ya tsayar da ita. Ki kawar mata da shi tun kafin ta faɗa. Sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan da ke kan shafinki. In kika yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC, za ki iya buɗe asusu da sunan kasuwancin, wannan kuma yana kwantar da hankalin baƙo ƙwarai. Ki bayyana yadda kaya ke tafiya: cikin Zariya ɗan saƙo, Kaduna da Kano da Abuja ta tasha, kuɗin mota kaza, kwana kaza. Ranar aikawa ki ɗauki hoton ƙunshin da sunanta a jiki, ki tura mata lambar direba. Bayan kwana uku ki tambaye ta yadda ta ji shi. In ta yaba, ki nemi izininta ki saka saƙon a shafinki, ki rufe suna da lamba. In ta yi ƙorafi, ko da a bainar jama'a ne, kada ki goge, kada ki yi cacar baki. Ki ba da haƙuri, ki canja mata. Masu kallo sun fi lura da wannan fiye da duk yabon da ake miki. Wani abin kuma da nake roƙon ki: kada ki jingina wa turarenki abin da ba ya yi, irin su mallaka ko warkar da cuta. Ƙamshi da tsafta kike sayarwa, sun isa. Humra kuwa tunda jiki ake shafa wa, in sana'a ta bunƙasa ki nemi rajistar NAFDAC.

Ke ma ki tsare kanki. Kada ki saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat, sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin da idonki. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki, ɓarawon layi ne, ko da ya ce daga guruf ɗin islamiyyarku yake.

Ki samu littafi ki riƙa rubuta sunan kowace mai saye, lambarta, garinta, da abin da ta saya. Shafin nan aro ne. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A shekarar ce gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, daga Yuni har Janairun 2022, kuma a Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Ko ba wannan ba, ana sace shafi a dare ɗaya. Mai littafi tana iya sake gini, ta kuma san wadda za ta tuntuɓa in azumi ya kusa ko an sa ranar biki.

In kin yi wata biyu a kan wannan kika ga masu tambaya sun fara zama masu saye, to lokacin talla ya yi. Tsakanin zaɓin ƙawarki biyu, na fi karkata ga tallar Facebook da ƙaramin kuɗi, domin ke za ki zaɓi masu gani: mata, masu shekara kaza zuwa kaza, a Zariya da Kaduna da Kano, inda kika san kayanki za su isa. Ki ɗauki bidiyon da ya fi jawo tambaya tun ba a biya ba, ki sa maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye, ki gwada na kwana biyar. Ki sa harajin VAT na kashi 7.5 a lissafinki, ana ɗora shi a kan kuɗin tallar. Ma'auninki shi ne mutum nawa suka rubuto, nawa suka biya, ribar ta rufe kuɗin tallar ko ba ta rufe ba.

Mai suna a TikTok kuwa, yawan mabiyanta bai nuna masu sayen turare ne ba. Ki buɗe sharhin da ake mata ki ga su waye, mata ne masu gida ko samari masu neman nishaɗi. Sau da yawa mai kwalliyar amare ko mai gyaran jiki a garinku, wadda amare ke zama a gabanta kowane mako, ta fi amfani gare ki. Ki kai mata ƙunshin gwaji ta turara ɗakin aikinta da shi, ku yi yarjejeniyar abin da za ta samu a kan kowace kwalbar da aka saya ta hanyarta, ki kuma riƙa tambayar duk sabuwar da ta rubuto miki, "A ina kika ji labarina?", ki rubuta amsar a littafin nan.