Tambaya da Amsa: Daga Resiba Zuwa Amfilifayar Sitiriyo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da resiba ta kallon fim mai jan sifika biyar da sabufa (sifikar bes). Fim yana fita da kyau, amma in na sa waƙa sai in ji sautin ba nauyi, in na ƙara murya kuma sai ya yi tsini. An ce in sayi amfilifayar sitiriyo, wato injin ƙara ƙarfin sauti na sifika biyu. Za ta gyara, ko asarar kuɗi ce?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa aljihu, danna maɓallin Pure Direct ko Direct a resibar, ka saurara da sifikokin gaba biyu kaɗai. Wannan yana kashe gyare-gyaren sautin da aka tanada domin fim. In hakan ya gamsar da kai, ka huta.

In tsinin bai tafi ba, mai yiwuwa ƙarfi ne ya gaza. Resiba taransifoma ɗaya gare ta, ita ke ciyar da tashoshi biyar ko bakwai (kowace tasha ta sifika ɗaya), kuma wat 100 da ake rubutawa a kwali galibi an auna shi ne da tasha ɗaya ko biyu kawai. Amfilifayar sitiriyo kuwa duk wutarta na sifika biyu ne. Yamaha A-S501 tana ba da wat 85 kowane ɓangare a kan sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), Marantz PM6007 kuma wat 45. Kada ƙaramar lamba ta razana ka: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ƙarar sauti, kunne da ƙyar yake ganewa. Abin dubawa shi ne bayan sifikarka. In an rubuta om 4, ko hazaƙarta (sensitivity, wato ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya) ba ta kai desibel 87 ba, tana da cin wuta, kuma a nan ne bambancin zai fito fili. In kuwa ƙananan sifikokin da suka zo a kwali ɗaya da resibar ne, gaskiya su ya kamata ka fara canzawa, domin babu amfilifayar da za ta ba su abin da ba su da shi.

Ba sai ka rabu da resibar ba. Duba bayanta ko akwai ramukan Pre Out na Front, hagu da dama. In akwai, nemi amfilifaya mai ramin Main In ko Power Amp Direct, irin Marantz PM8006. Ka cire duka daga wuta, ka zare wayoyin sifikokin gaba daga resiba ka mayar bayan amfilifaya, sannan ka jona Pre Out da ramin nan da wayar RCA. Na'urar waƙa kuma ka jona ta kai tsaye da amfilifaya. Daga nan ka sake awon ɗaki da makirufon resibar, in ba haka ba sifikar tsakiya za ta nutse ko ta danne sauran. Gargaɗi babba: kada ka taɓa haɗa sifika ɗaya da resiba da amfilifaya lokaci guda, ɗaya zai ƙona ɗaya.

Wayar sifika mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta isa ɗan nisa. In ta wuce mita 10, sa mai 2.5. Ja da ja, baƙi da baƙi. In aka juya ɓangare ɗaya, bes ɗin zai ɓace. Amfilifaya ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Tambaya: Na jona talabijin da sabuwar amfilifaya ta wayar haske (optical), amma shiru ko shuuu kawai nake ji. Ga kuma wani ƙugi da ba ya tsayawa.
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Shiga saitin sautin talabijin ka zaɓi PCM. Amfilifayar sitiriyo ba ta fassara Dolby Digital. Ƙugin kuma yawanci daga wayar dish yake shigowa. Zare ta daga dikoda ka ji, in ya ɗauke ka gano tushensa. Ka haɗa duk na'urorin a soket guda ta sitabilaiza. In kuma injin na hannu ne daga Amurka, karanta bayansa: mai bolt 120 ba ya ɗaukar wutarmu ta 220 zuwa 230 sai da taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya fi abin da injin yake ja.