Ruwan famfonmu na barin farin ɓawo a buta

Tambaya: Malama, tun da muka koma sabuwar unguwa a bayan Garwa, butar shayina ke yin farin ɓawo a ciki, sabulu kuma ba ya kumfa. Ina tsoron ba yara ruwan nan. Daga wata uwargida.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Wannan shi ake kira ruwa mai nauyi. Yayin da yake ratsa ƙasa yakan narkar da sinadaran kalsiyam da magnesiyam, musamman inda akwai dutsen farar ƙasa irin wanda ake haƙa a garin Figil na arewacin Kamaru don yin siminti. Da an tafasa shi sai kalsiyam ɗin ya kwanta a gindin buta. Shi ne kuma yake cinye kumfar sabulu. Shan sa ba ya cutarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta sa masa iyaka saboda lafiya ba.

Tawa butar, lemun tsami 3 nake matsewa a ciki, in ƙara ruwa, in tafasa, in bar shi ya kwana. Da safe ɓawon na ɓarewa kamar ƙanzo.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ido ba ya gani. Idan aka ɗauke ruwa ya dawo jawur, musamman da damina, kada ki ba yara haka. Ki bar shi ya kwanta, ki tace da tsumma mai tsabta, ya tafasa sosai na minti 1, sannan ki zuba a randa mai murfi, da moɗa guda da ba a sha da ita.