Farar wutar da ake cewa daga Saduma aka kwaso ta

Tambaya: Malam, hankalina a tashe yake. Wani mutum ya zo unguwarmu a Kafanchan yana sayar da dunƙulen farar wuta, wai daga kufan Saduma ya kwaso su da ya je ziyara Isra'ila. Mama ta saya, tana ƙonawa a ɗaki da dare don korar miyagun ruhohi. Ɗana mai shekara 6 wurinta yake kwana, yanzu tari ya kama shi. Na yi magana, ta ce ina raina ikon Allah. Da gaske an gano inda Saduma take?

Amsa: 'Yar'uwa, yau ɗin nan ki ɗauke yaron daga ɗakin, ki kai shi asibiti, ki faɗa musu irin hayaƙin da yake shaƙa. Hayaƙin farar wuta yana ƙona maƙogwaro da huhu, ga mai asma kuwa yana iya toshe numfashi. Mama ma a duba ta.

Saduma dai har yau ba a haƙo wani kufai da aka sami sunanta a rubuce a cikinsa ba. Farawa 14 ta haɗa Saduma da birane huɗu maƙwabtanta da Kwarin Siddim, wato Tekun Gishiri, wanda Larabawa ke kira Bahr Lut. Daga nan masana suka rabu. Masu cewa a kudancin tekun take suna nuna kufan Bab edh-Dhra da Numeira a ƙasar Jodan, kuma tsohuwar taswirar da ke daɓen wata coci a garin Madaba, ta ƙarni na 6, ta sa Zowar, inda Lutu ya gudu, a wannan ɓangaren. Cikas ɗinsu shi ne Bab edh-Dhra ta rushe wajen 2350 kafin haihuwar Almasihu, kafin zamanin da aka saba ba Ibrahim. Masu cewa arewa sun riƙe Farawa 13, inda Lutu ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun, suna nuna Tall el-Hammam, wadda wani mai haƙar kufai Ba'amurke, Steven Collins, ya fara haƙa a 2005. A 2021 aka buga wani rahoto a mujallar Scientific Reports cewa dutse daga sama ne ya fashe a kanta wajen 1650 kafin Almasihu. Labarin ya zaga duniya, aka yi ta wa'azi da shi. A 2025 mujallar ta janye rahoton saboda hujjojinsa ba su tsaya ba, amma wannan ɓangaren babu mai tura shi a WhatsApp.

Farar wutar kuwa, na gaji da ita. Ba a mako guda wani ɗalibi ko dattijon ikkilisiya bai nuna mini bidiyon nan a waya ba: mutum a tsaye cikin fararen tuddai, ya ciro dunƙule, ya kyasta ashana, wuta shuɗiya ta tashi, sai ya ce ga hukuncin Allah a tafin hannunsa. Wanda ya yayata wannan wani Ba'amurke ne, Ron Wyatt, ma'aikacin jinya mai ba da maganin sa barci a ɗakin tiyata, wanda ya rasu a 1999. Bai karanci ilmin haƙar kufai ba. Shi ne kuma ya ce ya gano jirgin Nuhu da akwatin alkawari. Tuddan da ya kira ganuwar birni da ta zama toka, kusa da Masada a gefen Tekun Gishiri, laka ce da alli da suka kwanta a ƙasan wani tsohon tafki da ake kira Lisan, ruwa da iska suka sassaƙa su. Dunƙulen farar wutar a cikin lakar suke samuwa, ƙwayoyin halitta ke fitar da su daga ma'adinin da ke wurin. Babu tukwane, babu harsashin gini, babu kabari, alhali ko ƙaramin ƙauye yakan bar tsingaro. Shuɗiyar wutar kuma, kowace farar wuta haka take ci, har wadda ake aunawa a kasuwa. Ina kyautata zaton ta mutumin da ya zo unguwarku ba ta taɓa ƙetare teku ba.

A ce ma daga Saduma take. A wace aya aka ce kayan hukunci su zama turaren tsari? Abin da mala'iku suka gaya wa Lutu shi ne ya gudu, kada ya waiwaya, Yesu kuma a Luka 17:32 ya ce a tuna da matar Lutu. Ezekiyel 16:49 ta lissafa laifin birnin da girmankai da ƙoshi da ƙin taimakon matalauta. Mai karɓar kuɗin tsohuwa da sunan Allah ya sayar mata abin da zai shaƙe jikanta, shi ya kamata ya karanta ayar nan da rawar jiki.

Kada ki yi wa Mama gardama a gaban mutane, tsoro ne ya sa ta saya, kuma don ta kare gidanta ta yi. Ki samu faston ku ko wata dattijuwa a zumuntar mata da take jin maganarta, ku zauna ku karanta Farawa 19 tare, ku yi addu'a a ɗakin. Sauran dunƙulen a ƙulle su a leda a fitar da su, kada a jefa a murhu. A kuma sanar a sujada ranar Lahadi, domin ba gidanku kaɗai mutumin ya shiga ba.